Giya nawa mai zuwa kasuwa a keke yake buƙata a Kano?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Rijiyar Zaki, ina da ɗan shago a Kantin Kwari, a ƙiyasina tafiyar za ta kai kilomita 10. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin adaidaita sahu yake cinye mini riba, shi ya sa na yanke shawarar komawa keke. Rabona da hawa tun ina sakandare, yanzu shekaruna 43, kuma gwiwata ta dama takan ɗan motsa. Kekuna biyu na gani. Ɗaya sabon baƙin keke ne irin na da, marar giya. Ɗayan na gwanjo ne mai manyan tayoyi, an rubuta 21 a jikinsa, mai sayarwa ya ce da shi ko Dutsen Dala zan hau. Kaftani nake sawa kullum, wata rana kuma nakan ɗauko ɗaurin shadda ko atamfa. Wanne zan saya, kuma mene ne amfanin giyoyin nan masu yawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A cikin biyun nan baƙin keken ya fi dacewa da kai, amma kada ka fara zuwa kasuwa da shi yadda ya fito daga kwali. Sai an canja masa ƙaramin faifan baya tukuna. Idan kuwa Allah ya haɗa ka da keke mai giya uku da ke ɓoye a cikin hob, wato cibiyar ƙafar baya, mai lafiya, to ya fi su biyun. Game da Dala kuwa, matakala ake bi a hau shi, ba mu ga inda keke zai shiga maganar ba.

Kafin ka yi ciniki, tsuguna a gefen keken ka ƙirga haƙora. Akwai babban faifai a gaba wanda feda ke juyawa, akwai ƙarami a ƙafar baya wanda masu gyara ke cewa firiwil, sarƙa ce ta haɗa su. Ka ɗiga alli a haƙori ɗaya don kada ka rikice, ka zagaya da ƙirge. Idan na gaba 44 ne na baya 22, duk zagaye ɗaya na feda ƙafar baya za ta juya sau biyu. Idan na baya 18 ne, za ta juya kusan sau biyu da rabi. Duk maganar giya ke nan: raba haƙoran gaba da na baya. In amsar ta yi yawa, keken zai yi nisa a kowane taku amma zai yi nauyi a ƙafa. In ta yi kaɗan, takun zai yi sauƙi amma sai ka yawaita shi. Giya ba ta ƙara wa mutum ƙarfi, raba masa aikin kawai take yi, kamar mai ɗebo ruwa da zai zaɓi ya ɗauki jarka biyu a sawu ɗaya ko ɗaya-ɗaya a sawu biyu.

Ƙafar baƙin keke, wadda ake cewa mai lamba 28, tana cin kimanin mita 2.23 a juyi ɗaya. Da wannan za ka iya lissafa komai. Faifan 46 da firiwil 18 suna ba ka mita 5.7 a kowane zagayen feda. 44 da 18, mita 5.5. 44 da 20, mita 4.9. 44 da 22, mita 4.5. Yawancin baƙaƙen kekuna da 44 ko 46 suke zuwa a gaba, 18 a baya, kuma wannan haɗin ya yi wa mai irin tafiyarka nauyi.

Ga dalili. Kano shimfiɗaɗɗen gari ne, in ka ɗebe Dala da Goron Dutse da gadojin da aka gina. Abin da zai gajiyar da kai tsayawa da tashi ne. Daga Kabuga zuwa Kwari ba za ka iya ƙirga sau nawa ɗan adaidaita zai yanko gabanka ya tsaya ɗaukar fasinja ba, ga danja, ga masu baro, ga cunkoson bakin kasuwa. Kowace tsayawa sai ka sake tayar da keke mai nauyin kusan kilo 20, da kai, da ɗaurin shadda, daga tsaye cik. A giya mai nauyi wannan tashin a gwiwa yake sauka. Na biyu, iska. Da safe gabas ka dosa, iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take busowa, wato daga Nuwamba zuwa Fabrairu da ita za ka riƙa kokawa a hanyar zuwa. Iska a fuska daidai take da tudun da ba ya ƙarewa.

Saboda haka a sa maka firiwil mai haƙora 20 in faifan gaba 44 ne, ko 22 in 46 ne (firiwil mai 21 ba kasafai ake samunsa ba, shi ya sa muka tsallake shi). Kada ka ji tsoron keken zai zama kunkuru. Da mita 4.9, in kana juya feda sau 60 a minti, kilomita 17 da ɗoriya kake yi a awa. In ka kai sau 70, ka haura 20. Kilomita 10 ɗinka minti 35 ne ba tare da tsayawa ba, ka ƙara minti goma na cunkoso. Bambancin da ke tsakanin mita 5.7 da 4.9 a wannan tafiya shi ne zagayen feda kusan 1,750 da kusan 2,040. Ƙarin taku ɗari uku masu sauƙi, a madadin dubu da ɗari bakwai masu cin gwiwa.

Aikin canjin bai fi rabin awa ba a wurin wanda ya iya, amma ka tsaya a kansa. Firiwil a kan tiredi yake ɗaure, kuma takun feda ƙara ɗaure shi yake yi, shi ya sa cire tsoho ke da wuya, na sabon keke kuwa da sauƙi. Wannan ma dalili ne na canja shi tun ranar saye. Hagu ake juya shi ya kwance. Kafin a ɗaura sabon a shafa giris a tiredin, a fara murza shi da hannu. In ya cije tun a zagaye na farko, a karkace ya shiga, a warware a sake. Wanda ya tilasta shi da guduma ya kashe hob ɗin gaba ɗaya. Sai maganar tsawon sarƙa. Kowane haƙori ɗaya da aka ƙara a baya yana jawo ƙafar gaba da kimanin milimita 3. Daga 18 zuwa 20 milimita 6 ne, ramin da sandar ƙafa ke zama a ciki yakan ɗauka ba tare da an taɓa sarƙa ba. Daga 18 zuwa 22 ya kai milimita 12 da ɗoriya, nan sai an ƙara gaɓa ɗaya cikakkiya, wato inci ɗaya na sarƙa. Bayan an ɗaure, ka danna tsakiyar sarƙar da yatsa, ta motsa sama da ƙasa kamar santimita ɗaya. A juya feda a gwada wuri uku ko huɗu, domin faifan kekuna masu araha ba ya zama daidai a tsakiya, akwai inda sarƙar za ta fi ɗamewa, kuma a can ake auna ta. In ta ɗame da yawa tana cin boris, in ta yi sako-sako za ta zame a ramin farko da ka faɗa. A baƙin keke mai birkin sanda, in an matsar da ƙafar baya sai an sake saita robar birki, don ta koma daidai kan rim.

Yanzu ga mai 21. Lambar nan faifai uku ne a gaba, bakwai a baya, aka ninka. A irin waɗannan kekuna na gaba sukan zama 48, 38 da 28, na baya kuma 14, 16, 18, 20, 22, 24 da 28. Ɗauki biro ka raba. 48 da 24 biyu ne, 28 da 14 ma biyu ne. 48 da 20 ya ba da 2.4, 38 da 16 ya ba da 2.38. 48 da 28, 38 da 22, 28 da 16, duka ukun a wajen 1.7 suka tsaya. Ka ga giya ɗaya ake sayar maka sau biyu sau uku. Sannan akwai haɗin da ba a so a yi amfani da su ko kaɗan, babba na gaba da babba na baya, ko ƙarami da ƙarami, saboda sarƙa a karkace take tafiya, tana goga ƙarfe tana cinyewa. Abin da ya rage na gaske bai wuce goma sha ɗaya ko sha biyu ba, kuma a titin Gwarzo da kake bi uku za ka taɓa. Mafi sauƙinsu, 28 da 28, mita 2 yake ci a zagaye, wato ɗan ɗara tafiyar ƙafa kaɗan. An yi shi ne don hawan dutse na gaske. Mafi nauyinsu mita 7, na mai gudu ne a gangara.

Ba yawan giyar ne matsala ba, a fili suke. Abin da ke ɗauko sarƙa daga wannan faifai zuwa wancan, direla, a rataye yake a gefen dama na ƙafar baya, da 'yan ƙananan tayoyi biyu da sifirin, tazara kaɗan da ƙasa. Ƙurar hunturu tana shiga bututun waya ta sa ta cije, sai ka danna liba giya ta ƙi shiga, ko ta shiga bayan ka manta da ita. Da damina taɓo ya cike tsakanin faifan. Mafi muni shi ne wurin ajiya. A bakin kasuwa tsakanin babura za ka cusa shi, wani ya jingina nasa a kai, ko keken ya faɗi ta dama. Ɗan ƙarfen da direla ke rataye a jiki sai ya lanƙwashe ciki kaɗan, ido ba ya gani. Ranar da ka sa giya mafi sauƙi, direlar ta shige cikin sifok, wato wayoyin ƙafar keke, ta karye, ta tsinke sifok huɗu ko biyar, ƙafar ta kulle a tsakiyar titi. Kuma sarƙar irin wannan keke ba a iya rufe ta da cikakken murfi, tunda yawo take yi hagu da dama. Farin wando da gefen kaftani su za su biya.

In duk da haka ranka ya biya da shi, ko kuma farashinsa ya fi sauƙi, ga abin da za ka duba. Tsaya a bayansa ka kalli 'yan tayoyin direla biyu, su kasance a miƙe, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, daidai da faifan da sarƙa take kai. Ari tef a wurin tela ka auna sarƙar: gaɓa 12 cikakku inci 12 ne cif a sabuwa. In ta haura da kashi ɗaya cikin 16 na inci, ta isa canji. In ta haura da kashi ɗaya cikin 8, ta riga ta cinye faifan baya, sabuwar sarƙa za ta riƙa tsalle a kansu, sai an canja su tare. Haƙoran da suka yi tsini suka karkata gefe guda kamar ƙayar aduwa sun gama aiki. Ka riƙe ƙafar baya ka girgiza hagu da dama, in tana kaɗawa ko dai boris ne ko sandar ta lanƙwashe, kuma lanƙwashewar sanda cuta ce ta ƙafafun da ke ɗauke da firiwil mai faifai bakwai in ana lafta musu kaya. In keken mai sifirin ne a tsakiyar jiki, bar shi. Nauyi ne kawai, yana shanye ƙarfin taku, kuma babu inda za a ɗaura kariyar ɗaukar kaya mai ƙwari.

In ka saye shi, ka bar sarƙa a faifan tsakiya na gaba, 38, ka manta da libar hagu. Ƙafarsa mai lamba 26 kimanin mita 2.05 take ci, don haka 38 da 16 zai ba ka mita 4.9, daidai da abin da muka zaɓa maka a baƙin keke. Faifan baya na 18 da na 20 na tashi ne da ranar iska, 14 na ranar da iska ke bayanka. Ana canja giya ne feda na juyawa, amma a sassauta takun, kuma a sauko giya mai sauƙi kafin a tsaya, domin a tsaye ba ta canjuwa. A jikin direla akwai 'yan notuka biyu masu alamar H da L, su ke hana sarƙa wuce iyaka. L shi ke tsare ta daga faɗawa cikin sifok, a tabbatar an saita shi. In giya tana jinkirin hawa manyan faifai, waya ta saki, a warware ɗan mazugin da wayar ke shiga rabin zagaye zuwa hagu a sake gwadawa. In saukowa take wa jinkiri, ko dai an ja ta da yawa ko ƙura ta cika bututu. Liba ta da, wadda ba ta ƙas-ƙas, kai ne ke matsar da ita har sarƙa ta yi shiru, ta fi jure ƙura da karkacewa fiye da ta murɗawa a hannu. In ta murɗawar ta fashe, da irin wannan za ka maye ta.

Ana kuma iya mai da shi mai giya ɗaya. Tiredin firiwil mai bakwai da na mai ɗaya iri guda ne, amma in aka ɗaura kawai, sarƙa ba za ta miƙe da faifan gaba ba, sai an sake jera wasoshin sanda an kuma ja sifok don rim ya dawo tsakiya. Hanya mafi sauƙi ita ce a bar faifan yadda suke, a cire wayoyi da libobi, a kulle direla da notin H a kan faifan da ake so, ta zama mai ɗame sarƙa kawai. Wani lokaci notin ba ya kaiwa, sai an sa wanda ya fi shi tsawo.

Mai giya uku a cikin hob shi ne wanda aka yi domin irinka. Dattawa sun san shi a tsofaffin Raleigh, da 'yar liba a kan keke da 'yar siririyar sarƙa da ke fitowa daga tsakiyar sandar baya. Kamfanin Sturmey-Archer na Nottingham a Ingila ne ya yi suna da shi, samfurinsa na AW a 1936 aka fara ƙera shi. A kekunan gwanjo na Japan da Turai kuma Shimano Nexus za ka fi gani. Duk haƙoran giyar suna rufe a cikin gwangwanin hob, ƙura ba ta ganinsu, sarƙa a miƙe take kamar ta marar giya, ana iya rufe ta ruf, kuma kana tsaye a danja za ka iya mai da shi giya ta ɗaya. Wannan na ƙarshen kaɗai ya isa dalili a cunkoson Kano. A AW giya ta biyu ita ce ainihin lissafin haƙora, ta ɗaya ta rage kashi ɗaya cikin huɗu, ta uku ta ƙara kashi ɗaya cikin uku. Na Shimano bai yi nisa da haka ba.

Shi ma da kuskure ɗaya yake zuwa. Da 46 da 18, giya ta uku mita 7.6 ce, ba za ka taɓa amfani da ita ba, ka ga mai giya biyu ka saya ke nan. A sa 44 da 22, sai ka samu mita 3.3 na tashi da kaya da hawan gada, 4.5 na cunkoso da iska, 5.9 na buɗaɗɗen titi. Kada a wuce 22 da faifan 44, ƙarfin taku zai yi wa cikin hob yawa. Faifan bayansa ba firiwil ba ne, ɗan zoben waya ne ke riƙe da shi, da sukurudireba ake ɓalle shi. Saitinsa a giya ta biyu ake yi. A AW, kafaɗar ɗan sandan da siririyar sarƙar ke ja ta zo daidai da bakin sandar ƙafa. A Nexus akwai ɗan akwati a gefen dama mai taga, rawayan layi ya zauna tsakanin layukan da aka zana. A kula da wannan, don tsohon AW in saitinsa ya goce yana da wani gurbi tsakanin ta biyu da ta uku inda feda ke juyawa a banza, wanda ya miƙe tsaye yana taku kuwa zai sha ƙasa. Tsofaffin suna da ɗan rami mai murfi a jikin gwangwanin, a ɗiga mai marar kauri ɗigo biyu ko uku duk wata. A lokacin canja giya a dakata da taku na daƙiƙa ɗaya.

Aibinsa kayan gyara ne da hannun da ya san cikinsa. Kada ka sayi wanda ba ka hau ka gwada giyoyin uku da ƙarfi ba, kuma kada ka yarda da "waya ce kawai ta saki" sai an gyara a gabanka. Kada a bar mai faci ya buɗe shi don ya ga abin da ke ciki. In za a ɗaura hob ɗin a rim na baƙin keke, a ƙirga ramukan sifok, wasu 36 ne wasu 40, dole su zo ɗaya. Akwai kuma wasa mai ɗan harshe da ke hana sandar juyawa a cikin firam, masu faci sukan yar da ita in sun cire ƙafa. Ka sa ido a kanta.

Maganar gwiwa, rabinta giya ce rabinta sirdi. Mafi yawan masu keke a gari sirdinsu ya yi ƙasa, saboda suna so ƙafa biyu su taɓa ƙasa suna zaune. Ka jingina da bango, ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkata ba. Wannan ne tsayin. In ka mai da gaban tafin ƙafa kan feda, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan, haka ake so. A jikin sandar sirdi akwai layin da ba a zaro ta ya wuce. Ciwo a gaban gwiwa galibi sirdi ya yi ƙasa ne ko giya ta yi nauyi, a bayanta kuma ya yi sama. Makon farko kada ka yi zuwa da dawowa kullum, ka tsallake rana. In gwiwar ta kumbura ko ciwon ya kwana, likita za ka gani, canjin firiwil ba zai yi maganinsa ba.

Sauran fasalin keken: cikakken murfin sarƙa, madigad gaba da baya, kariya ta ƙarfe mai ƙafafu da suka sauka kan sandar baya, matokari mai ƙafa biyu don keke ya tsaya a miƙe lokacin ɗaure kaya, ƙararrawa, fitila fara a gaba ja a baya tunda bayan magariba za ka riƙa tasowa. Firam marar sandar sama, wanda mutane ke ce wa keken mata, shi ya fi dacewa da doguwar riga, musamman in an ɗaure kaya a baya ba damar wurga ƙafa. In ba ka damu da tsokanar 'yan kasuwa ba, ka duba shi. Kaya a ɗaure su ƙasa-ƙasa kusa da sirdi, kada su zarce bayan sandar ƙafa, in ba haka ba gaban keken zai yi shawagi. Birkin sanda a kan rim na ƙarfe yana da ƙwari kuma kowane mai gyara ya san shi, amma in rim ya jiƙe sai ƙafa ta zagaya sau da yawa kafin ya kama, don haka da damina ka fara matsa shi tun daga nesa.

Taya mai manyan ƙuraje ta daji ce, a kwalta ƙara take yi tana jan ka baya. Ka nemi mai sulɓin tsakiya. Wurin saye kuma kada ka tsaya a "26" ko "28", ka karanta ƙananan lambobin da ke gefen tayar. Baƙin keke 635 ne, mai manyan tayoyi 559, kekunan Japan masu kwando da yawansu 590, na Turai 622. 559 da 590 duka 26 ake ce musu, 635 da 622 duka 28, amma ɗaya ba ta shiga rim ɗin ɗaya. Kafin ka sayi keken gwanjo ka tabbatar ana samun tayarsa a kasuwa. Iska kuwa a buga ta kai adadin da aka rubuta a jikin tayar, a duba duk mako. Huda biyu a jere kamar saran maciji ƙarancin iska ne ya sa rim ya datse tib a bakin rami, ba tsidau ko kusa ba.

Sarƙa a Kano ba ta son mai da yawa. Baƙin man da aka juye daga inji, wanda ake kwarara mata har ya riƙa ɗiga, yana haɗuwa da ƙura ya zama kamar yashin goge tukunya. A goge ta da tsumma da ɗan kananzir, a bari ta bushe, a ɗiga sabon man inji ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a juya feda baya sau ashirin, sannan a goge na waje tas. Wanda ke aiki shi ne wanda ya shige ciki. Marar murfi duk mako biyu a hunturu da kuma bayan kowane ruwa, mai cikakken murfi sai ta yi watanni. In wata safiya ka taka feda ta juya keke bai motsa ba, 'yan harsunan cikin firiwil ne datti ya liƙe. A kwantar da keken, a zuba kananzir ta tsagin firiwil ana juya shi har ya dawo da ƙas-ƙas ɗinsa, sannan a bi da mai marar kauri. Sarƙar marar giya mai faɗi ce, ta mai direla siririya, mai faɗin ba ta shiga tsakanin faifai bakwai.

Sabon baƙin keke a nan ake haɗa shi, sau da yawa da gaggawa. Ka sa a buɗe hob biyu da tsakiyar feda da wuyan keke a cika su da giris tun ranar farko. Bayan mako biyu ka mai da shi a sake jan sifok, a duba 'yan kusoshin da ke riƙe hannun feda a sandarsu. In ka ji feda na ɗan faɗawa a kowane zagaye, kusar ce ta saki. Da guduma ake buga ta ciki, an tokare ƙasan hannun fedar, sannan a ɗaure notin. Wanda ya nemi jawo ta da notin kaɗai zai cinye tiredin.

Ka yi mako biyu da 44 da 20, sannan a wani miƙaƙƙen wuri, kamar tsakanin Rijiyar Zaki da Kabuga, ka ƙirga sau nawa gwiwarka ta dama ke tasowa a daƙiƙa 30 kana tafiyarka ta yau da kullum. In ka samu 30 zuwa 38, bar shi haka. In bai kai 28 ba, ko kana miƙewa tsaye kafin keken ya tashi da kaya, a sa 22. In ya haura 42 kuma kana jin kana tsalle a kan sirdi, ka koma 18 ɗin da aka cire, don haka ka karɓi abinka a wurin mai gyara ka ajiye a shago.